Safayar Motar Marigayi

Ranar Talata da hantsi aka gane safayar jar motar marigayi Injiniya Farouk ta ɓace. Kafin azahar, duk layin nan na bayan kasuwar Gudu ya gama yanke hukunci, wai maigadi ne.

Alhaji Lukmanu, ƙanen marigayin, shi ya gano. Dangi sun ɗora masa kula da kayan gado har ranar da za a raba. Ya zo ya yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe motar da shi, ya buɗe but, sai ya tarar da ramin taya wayam, bel ɗin fatar da ke ɗaure ta yana reto. Ya kira Thaddeus maigadi ya tambaye shi. Thaddeus ya dubi ƙasa ya ce bai sani ba. Ya sake tambaya, amsar ba ta canza ba. Nan Alhaji ya ce daga yanzu zuwa la'asar, ko taya ta fito ko 'yan sanda su shigo.

Matar Thaddeus ce ta buga wa Baba Yamusa waya tana kuka.

Yamusa mai bin sawu ne, mutumin Abaji. A can, in an kora shanun wani ko yaro ya ɓace a daji, ƙofarsa ake bugawa kafin ta kowa. Amma tun da matarsa Rekiya ta rasu, 'yarsa ta ɗauko shi ta kawo Jikwoyi, inda yake wuni a kan benci yana kallon kwalta da siminti. Yakan ce an kawo shi garin da ƙasa ba ta magana. Matar Thaddeus kuwa ƙanwar Rekiya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, muryarsu ma iri ɗaya ce a waya. Yamusa bai tsaya tambayar komai ba, ya sa hularsa ya fita neman mota.

* * *

Alhaji Lukmanu ya tarbe shi a tsakar gida, carbi a hannu, idanunsa sun yi ja irin na wanda ya daɗe bai yi barci mai daɗi ba.

“Baba, kada ka ɗauke ni mugu,” in ji shi. “Thaddeus ya daɗe a gidan nan, na sani. Amma dukiyar marayu ce a wuyana. Yau taya, gobe me? Kuma wannan tayar an daina yin irinta, da ita motar ta zo daga Jamus. Yaya ya fi kula da ita fiye da agogon hannunsa.”

“Ranka ya daɗe, nuna mini wurin kawai.”

Motar na cikin gareji, ja, ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa kamar mage za ta kama ɓera. Injinta a baya yake, but ɗinta a gaba. Yamusa bai taɓa ganin mota mai kai a gindi irin wannan ba, amma ba ita ya zo kallo ba. Ƙasa ya zo nema, gidan kuwa duk an shafe shi da duwatsun intalok. Sai a bakin garejin ya samu abin da yake so, wata 'yar jar ƙasa da ta ratsa ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan.

“Yaya ne ya sa aka haƙa don gyaran bututun ruwa,” in ji Alhaji. “Ya ce sati mai zuwa za a mayar da duwatsun. Satin bai same shi ba.”

Yamusa ya tsugunna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. An yi ruwa ranar Asabar, daga nan ba a sake ba, ƙasar ta bushe da duk abin da ya taka ta. Ƙanshinta kaɗai ya sa ya tuna hanyar rafi a Abaji da sassafe, lokacin da Rekiya ke biyo shi da ƙwaryar kunu tana ce masa ya daina karanta ƙasa ya dubi gabansa.

Akwai sawun tayoyi masu faɗi.

“Ana fito da motar?”

“Silas makaniki yakan tura ta waje ya ɗumama inji. Bai wuce nan.”

A gefen hagu kuma ga wani sawu siriri, mai zane. Yamusa ya dube shi ya gyaɗa kai da ƙarfin gwiwa.

“An shigo da baro nan. Da shi aka ɗauke ta.”

Suka zagaya bayan gida inda ake ajiye baron lambu. Tayarsa ta suɗe sumul, ko layi ɗaya babu a jikinta. Yamusa ya tsaya yana sosa gemu. Alhaji kuwa agogo kawai ya duba.

* * *

Thaddeus na zaune a ɗakin gadi, ya haɗa kayansa a jakar bagko, har da rediyonsa da hoton bikin 'yarsa. Babban mutum ne mai furfura a gefen kai, amma ranar ya koma ƙarami.

“Ka riga ka ɗaure kaya, kenan ka amsa laifi,” in ji Yamusa.

“Yaya, ban ɗauki komai ba. Allah yana gani.”

“To wa ya ɗauka?”

“Ban sani ba.”

“Baro ya shigo gidan nan? 'Yan bola? Mai ruwa?”

“Babu wanda ya shigo. Ni ne a get, dare da rana.”

“Ka san abin da kake faɗa kuwa? In babu wanda ya shigo, kai kaɗai ka rage.”

Thaddeus ya murza babban yatsansa a tafin hannu. “Oga ya yi mini kirki. Madam ma ya yi mini kirki. Lokacin da yarona yana asibiti, shi madam ne ya kwana tare da matata. In polis ya zo, zan bi shi. Bar maganar, Yaya.”

Yamusa ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin ɓarawo, ɓarawo yakan cika ka da magana, ya nuna maka gabas ya nuna maka yamma. Wannan kuwa tsaye yake a kan wani abu kamar kaza a kan ƙwai.

“Matarka na can tana kuka,” ya ce.

“Na sani.”

* * *

Ya nemi iso wajen matan gida. Hajiya Yelwa, yayar marigayin, ita ta amsa sallamar. Ta zo taya matar ƙanenta zaman takaba, kuma da ganin yadda ta cika kujerar falo ka san gidan yanzu a hannunta yake. Hajiya Hafsah, matar marigayin, tana can gefe kan darduma cikin farin hijabi, ba kwalli ba turare, kanta a ƙasa.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Yamusa ya tambaya ko sun ji wani motsi.

“Ni dai ban ji ba,” in ji Hajiya Yelwa. “Asabar na tafi Abaji suna, sai yammacin Lahadi na dawo. Ka ga ɓarawo ai ya san lokacin da ido ya bar gida. Ita kuwa wannan baiwar Allah me za ta sani? Tun ranar da aka fita da gawa ƙafarta ba ta taka ko tsakar gida ba. Mu a gidanmu haka ake yi. Uwarmu da ta yi wa babanmu takaba, ko taga ba ta leƙa ba har ta fita.”

“Allah ya ba da lada.”

“Amin. Ni tun farko na ce wa Farouk motar nan wahala ce. Mutum da girmansa, darakta guda a ma'aikata, ya kwanta a ƙarƙashin ƙarfe duk Asabar kamar yaron gareji.”

Hajiya Hafsah ta ɗan motsa. Yamusa ya juya gare ta.

“Hajiya, ko akwai abin da za ki ƙara?”

Da ta yi magana, muryar can ƙasa take.

“Baba, Thaddeus ya ci abinci yau?”

“Ji wata magana,” in ji Hajiya Yelwa. “Ana batun sata kina batun tuwo.”

Yamusa ya yi godiya ya tashi.

* * *

A bakin layi, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, Sale mai faci yake da injin iskarsa da bahon ruwansa. Shi ma sunansa ya shiga bakin mutane, ana cewa in maigadi ya sata, ai mai faci ne zai saya.

“Ni?” Sale ya jefar da guduma. “Baba, in na sayi wannan taya wa zan sayar wa? Mota nawa ce irinta a Abuja? Sau ɗaya na taɓa ganinta, Injiniya ya nuna mini. Na ce masa, oga, wannan ai ta mutu, kawo in ba masu babbakar ganda. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.”

“Ranar Lahadi kana nan?”

“Kullum ina nan, coci da masallaci duk ta gabana suke wucewa. Amma ban fito da wuri ba.” Ya sassauta murya. “Zan gaya maka abin da ban gaya wa Alhaji ba, don ba na son in zama sanadin mutum. Wajen azahar na ga Thaddeus a cikin keke Napep, da taya a kan cinyarsa. Ya wuce ni ya kau da kai. Ni da muke cin gyaɗa tare.”

Yamusa ya tuna kukan da ya ji a waya.

“Ka tabbata shi ne?”

“Ko a duhu na san ƙeyar Thaddeus.”

Yamusa ya juya zai tafi, sai ya tsaya. “Tayar, siririya ce?”

“Ina. Ƙatuwa, mai faɗi kamar turmi. Abin da ya ba ni haushi kenan. In faci ne, me ya hana ya kawo mini? Can wajen Apo ya kai, bayan la'asar ya dawo da ita.”

“Ya dawo da ita?”

“Da idona na gani.”

* * *

Da ya koma gidan, ya tarar Alhaji ya sa an kira Silas makaniki. Gajere ne, hannayensa baƙi ƙirin da tsohon mai, yana tsaye a gareji yana huci don ya ji ana cewa shi ma yana da makullin mota.

“Malam Silas, ban zo tuhumarka ba,” in ji Yamusa. “Ni mutumin daji ne, ban san abin da nake nema ba. Kwatanta mini tayar nan.”

Fuskar Silas ta saki. Da gani maganar da yake so ce.

“Baba, ba irin wadda ka sani ba ce. In ka gan ta a kwance sai ka ce ta mutu. Gefenta a naɗe yake, ya shige ciki kamar bakin buhu, roba ta manne da rim. Shi ya sa take shiga ɗan ramin nan. In taya ta fashe, ka ɗaga mota da jak, ka ɗaura ta a naɗenta, ka ɗaure noti. Sannan ka jona ɗan famfon nan a ramin kunna sigari, sai ka ga tana buɗewa a hankali. Sai ta cika tam za ka sauke jak. In ka sauke mota a kanta babu iska, ka kashe ta, babu mai facin da zai tashe ta.”

“In an gama da ita fa?”

“Ka kwance allurar bawul, bakin da ake hura iska, da murfinsa, iska ta fita duka, ta koma ta naɗe da kanta. In da iska a cikinta, ko da guduma ba za ta koma raminta ba.”

“Da aka ajiye ta shekara da shekaru, ba ta lalace ba?”

“Wa zai bari? Duk farkon damina oga yana fito da ita, ya hura, ya wanke da sabulu, ya bi ta da yatsa yana neman tsagewa, ya sace iskar, ya goge ramin, ya mayar ya ɗaure bel. Ba ya barin rana ta taɓa ta, ba ya barin mai ya ɗiga mata. Ranar kamar sallah ce a gidan nan. Madam ta fito da kujera ta zauna, yana cewa zo ki riƙe sifana, wata rana ba na nan. Ita kuma tana masa dariya tana cewa ina za ka.” Silas ya goge hanci da bayan hannu.

“In ta cika, faɗinta ya kai ina?”

Silas ya buɗe tafin hannunsa ya ƙara yatsu uku na ɗaya hannun.

Yamusa ya koma bakin garejin ya sake tsugunnawa. Ya ɗora tafinsa a kan siririn sawun, ya ƙara yatsu uku. Ya cika daidai. Ya tura yatsa ya ji zurfinsa, zurfin da baro ba zai yi ba ko an cika shi da duwatsu. Sawun yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai faɗin da ke dama, bai karkace ba. Ya hau kan sauran sawaye, babu wanda ya hau kansa. Ya bi shi da ido har cikin gareji, inda jan tambarinsa ya bushe a kan siminti ya je ya tsaya ƙarƙashin tayar baya ta hagu. Ya shafa tayar, ya ji ɗan kumburin sabon faci.

Ya miƙe ya leƙa ta gilashi. Kujerar direba an jawo ta gaba sosai, kusan ta haɗe da sitiyari. A bangon garejin akwai hoton Injiniya tsaye kusa da motar, dogo, rufin motar bai kai masa ƙirji ba.

Yamusa ya tsaya nan har aka kira la'asar. Ya sami abin da ya zo nema, amma bai ji daɗin da yakan ji ba in sawu ya kai shi ƙarshe.

* * *

Bayan salla ya roƙi Alhaji a tara kowa a falo. Maza suka zauna a kafet ta bakin ƙofa, Thaddeus da jakarsa, Silas, da Sale da ya wanko hannu amma baƙin bai fita ba. Alhaji na kan kujera, waya a gefensa. Matan na can ciki, Hajiya Yelwa a gaba.

“Ranka ya daɗe,” Yamusa ya fara, “da safe na ce maka baro ne. Na yi kuskure. Sawun nan na tayar da ake nema ne. Ba ɗaukarta aka yi ba, da ƙafarta ta taka, tana ɗauke da mota.”

“Kamar yaya?”

“Ranar Lahadi da safe, ƙasa na da danshi, motar ta fita da tayoyinta huɗu masu faɗi. Ta dawo da uku, ta huɗun siririya. Taya ta fashe a hanya, aka ɗaura safaya. Wadda Sale ya gani a cinyar Thaddeus, wadda ta fashe ce, ya kai nesa aka gyara don kada a sani, ya dawo aka mayar. Siririyar kuwa ta shiga gidan nan, ban ga inda ta fita ba.”

Alhaji ya dubi Silas.

“Ni ina coci tun safe, Alhaji. Ni ke buga ganga, mutum ɗari sun gan ni.”

Alhaji ya dubi Thaddeus.

“Wannan?” in ji Silas. “Keke ma sai an riƙe masa.”

Sale ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye.

“To wa ya tuƙa, Baba?” in ji Alhaji.

Yamusa ya dubi tafin hannunsa. “Sawu ya kawo ni bakin gareji. Daga nan siminti ne, ni kuwa a siminti makaho ne.”

Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ɗauki wayarsa. “To magana ta ƙara girma. Ba taya kaɗai ba, an fita da motar marayu. Thaddeus, kai ka buɗe get. Wa ka buɗe wa?”

Thaddeus ya miƙe, ya rataya jakarsa a kafaɗa. “Alhaji, kira su. Na shirya.”

Alhaji ya fara danna lamba.

“Lukmanu, ajiye wayar.”

Hajiya Hafsah ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juya.

“Ni ya buɗe wa. Ni na roƙe shi ya yi shiru. Ban ɗauka abin zai kai nan ba, da ya kai kuma sai bakina ya yi nauyi. Thaddeus, ka yafe mini.”

“Madam, da ka bari…”

“A cikin takaba?” Hajiya Yelwa ta dafe ƙirji. “Hafsatu, a cikin takabar ƙanena kika ɗauki mota kika fita yawo? Ina kika je? Wajen wa?”

“Wajensa.”

Hajiya Hafsah ta ɗago kai ta dubi yayar mijinta.

“Ranar da aka fita da shi, Yaya, maza suka ɗauke shi suka tafi, mu muka tsaya a nan. Kowa ya dawo yana ce mini an yi jama'a, an yi jama'a. Babu wanda ya ce mini ga inda aka kwantar da shi. Makabartar nan ba ta da nisa, in iska ta juyo har kiran sallar masallacin wajen nake ji. Kullum ina zaune a kan dardumar nan ina tunanin ko akwai inuwa a wurin. Da kika tafi Abaji na kasa. Na san ba zan shiga ba, na ce ko katangar ce in gani. Motarsa na ɗauka don har yanzu kujerar tana ƙanshinsa.”

Ta gyara hijabinta.

“Na tsaya a jikin katanga na yi masa addu'a. Da na dawo zan tafi, sai na ga tayar baya ta kwanta, ƙusa ta shige ta. Babu kowa a titin. Na yi yadda ya koya mini. Na ɗaura, na ɗaure, na hura, sannan na sauke jak. Duk ina jin muryarsa a kunnena yana cewa kada ki yi gaggawa.”

Da Hajiya Yelwa ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

“Kin hango shi? Kabarin?”

“Katangar ta fi ni tsawo, Yaya.”

Alhaji Lukmanu ya kife wayar a kan kujera. “Yana can ta gabas,” ya ce a hankali. “Dab da katanga, akwai wata bishiyar maina da ta leƙo. Akwai inuwa.”

Hajiya Hafsah ta dube shi. “Ni ta yamma na tsaya.”

Yamusa ya ji idonsa yana yaji, ya mai da shi kan kafet.

Alhaji ne ya tashi, ya je ya sauke jakar daga kafaɗar Thaddeus da hannunsa. “Na zarge ka a gaban mutane, a gaban mutane nake ba ka haƙuri. Koma bakin aikinka. Sale, kai ka fi kowa baki a layin nan, ka gaya musu tayar ba ta ɓace ba, a cikin gida take. Iyakar abin da za ka faɗa kenan.”

“An gama, Alhaji.”

Hajiya Hafsah ta shiga ɗakinta, ɗakin da babu namijin da ya taka tun rasuwar. Ta fito tana gangaro tayar, a cike tam, an goge ta tas, wani tsohon rawanin marigayin a yafe a kanta.

“Ai da kin kira ni, madam,” in ji Silas. “Allurar kawai za a kwance ta koma raminta, da babu wanda ya sani.”

“Na iya, Silas. Ya koya mini wannan ma.” Ta dafa tayar. “A can na hura ta. Iskar wurin ce a ciki. Ban so in sake ta ba.”

Silas ya mayar da hannunsa aljihu. Alhaji ya ce, “Hajiya, in kina so a bar ta haka…”

“A'a. Ta kusa sa an ɗaure bawan Allah. Ta koma inda ya ajiye ta.”

Ta durƙusa, ta kwantar da tayar a kafet, ta cire murfin bawul ta juya shi, ta kwance allurar. Iska ta fara fita da wani siririn sauti da ya cika falon. Gefen robar ya soma shigewa ciki kaɗan kaɗan.

Hajiya Yelwa ta sauko daga kujera da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta zauna a ƙasa kusa da matar ƙanenta. Ta miƙa tafin hannunta ta tara a bakin bawul ɗin, ta bar shi a nan har iskar ta ƙare.